Yadda Ake Sayo Laftof Daga Ƙasar Waje Har Ta Iso Katsina Lafiya

Wanda ya leƙa eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ya ga laftof ɗin ThinkPad a dala 200 da 'yan kai, sai ya ji kamar masu shago a Kano cutarsa suke yi. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Al-Qalam, da 'yan kwalejin fasaha ta tarayya da ke Daura, da masu shagon buga takardu, kowa tambayarsa ko zai iya sayowa da kansa. Zai iya. Sai dai kuɗin da ke rubuce a shafin ba shi ne kuɗin kwamfutar ba, kuma in ba ka sa an duba maka ita kafin ta hau jirgi ba, cinikin biri a sama ka yi. Da zarar ta baro Amurka ko Dubai, kuɗin mayar da ita kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura.

Fara da farashin gida

Kafin ka buɗe kowane shafi, ka kira mutum biyu ko uku a Beirut Road ko Farm Centre a Kano, ka ji nawa suke sayar da irin wadda kake so, da lambarta da girman RAM (abin da ke ba ta damar riƙe ayyuka da yawa a lokaci ɗaya) da SSD (ma'ajiya). Ka rubuta. Wannan ne ma'aunin da za ka riƙa gwada komai da shi. Ta Kano za ka taɓa ta da hannunka, ka kunna, in ta ba da matsala gobe ka san ƙofar da za ka buga. Saboda haka in rarar da za ka samu daga waje ba ta taka kara ta karya ba, ka sayi ta Kano kawai. Sayowa daga waje ya fi amfani ga mai neman wata takamaimiyar kwamfuta da ba a cika kawowa ba, ko mai son mai tsafta sosai da tarihinta a bayyane, ko mai sayen uku zuwa biyar a haɗe.

Wace iri?

Ga mai sayen ta hannu, kwamfutocin da aka ƙera don ma'aikatu sun fi: Lenovo ThinkPad jerin T, Dell Latitude, da HP EliteBook. Kamfanoni kan yi aiki da su shekara uku ko huɗu su sauya, sai su cika kasuwa, kuma kayan gyaransu, daga batir zuwa allo zuwa madannai, ana samunsu a Kano ba wahala. Masu ƙyalƙyalin roba da ake sayarwa a manyan kantuna, maƙalar murfinsu ce ke fara karyewa.

Babban abin dubawa shi ne zubin injin, wato processor, ba sunan i5 ko i7 ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance tana buƙatar injin Intel zubi na 8 zuwa sama da abin tsaron da ake kira TPM 2.0. Lambar ce ke faɗa maka: i5-8350U zubi na 8 ne, i5-1135G7 na 11, i7-6600U kuwa na 6. Wannan i7 ɗin na ƙarshe shi ne tarkon da ake yawan faɗawa, domin mutum ya ji "i7" ya ɗauka ya sami babba, alhali i5 zubi na 8 ta fi ta nesa ba kusa ba, i5 ɗin tana da ƙwaƙwalwa (core) huɗu, i7 ɗin biyu.

ThinkPad T480, Latitude 5400 da EliteBook 840 G6 galibi zubi na 8 ne, kuma kowacce tana da gurbin RAM biyu, za ka iya ƙarawa daga baya. X1 Carbon kuwa RAM ɗinta a liƙe yake da allon ciki, wato motherboard, abin da ka saya da shi za ka ƙare. Kada ka yi ƙasa da 8GB, in da hali 16GB, da SSD 256GB zuwa sama. T480 tana da wani abu da ya dace da garin da wuta ke zuwa tana tafiya: batir biyu gare ta, ƙarami a ciki, da na waje da ake cirewa, wanda ake samun babbansa har 72Wh.

Ka lura da allo. Iri ɗaya na kwamfuta kan zo da allo kala biyu, 1366×768 mai dishi-dishi da 1920×1080 mai kyau. In mai sayarwa bai rubuta FHD ko 1080 ba, ka ɗauka ƙaramin ne.

Madannai ma haka. Na Amurka da na Ingila duk QWERTY ne, ba matsala. Na Faransa AZERTY ne, na Jamus QWERTZ, za su wahalar da kai, kuma su karya mata daraja ranar sayarwa. Waɗanda ke fitowa daga Dubai ko Saudiyya sau da yawa suna da haruffan Larabci tare da na boko, wanda ga ɗalibin Larabci ko malamin Islamiyya ƙari ne babba.

Daga ina?

Amurka ta fi yawan kaya da sauƙin farashi, musamman eBay. Ingila tana da fa'idar cewa filoginsu irin namu ne mai ƙafa uku, amma harajinsu na VAT kashi 20 ne, kuma tun farkon 2021 aka daina mayar wa baƙi masu ziyara da shi. Dubai da Sharja kasuwar 'yan sari ce, VAT kashi 5, sai dai can ne aka fi yi wa tsohuwar kwamfuta kwalliya, a liƙa mata sabuwar fata a sa batir na bogi, don haka tana buƙatar wanda ya san kan abin ya tsaya a wurin. Sin ta fi dacewa da sababbin kayan gyara da caja fiye da tsohuwar laftof ɗaya tilo.

Karanta tallar kamar mai neman laifi

A eBay kowane kaya yana da matsayi. "Certified Refurbished" da "Excellent Refurbished" su ne na sama, suna zuwa da garanti. "Used" ya dogara da gaskiyar mai sayarwa. "For parts or not working" kuwa ma'anarsa matacciya ce ko mai ciwo, komai kyan hotonta, kuma ba ka da bakin ƙorafi. Ka karanta bayanin har ƙasa, domin a layin ƙarshe ake ɓoye "no SSD", "no charger", "no OS", wato ba ma'ajiya, ba caja, ba Windows. Ka zaɓi mai sayarwa da ya yi ciniki dubbai, wanda yabon da aka yi masa ya kai kashi 99, wanda ya sa hoton ainihin kwamfutar ba hoton kamfani ba, kuma ya yarda da mayarwa cikin kwana 30.

Kafin ka biya, ka tura masa saƙo ta cikin eBay, ba ta WhatsApp ba, don saƙon ya zama shaida. Ka nemi lambar kwamfutar: a Dell ana kiranta Service Tag, harafi da lamba bakwai, a Lenovo da HP lambar siriyal. Ka sa ta a shafin kamfanin da ya ƙera, zai nuna maka shekarar da ta fito, da kayan da ta zo da su, da ko garantinta ya ƙare.

Sai batun makullai, wanda ya fi kowane cin mutane, domin kwamfutar tana kunnuwa, tana da kyau, amma ba taka ba ce. Iri huɗu ne. Akwai kalmar sirri ta BIOS (shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi), wadda a sababbin ThinkPad cire ta sai mai gyara ya taɓa allon ciki, wani lokacin ma sai an sauya shi. Akwai Absolute, da ake kira Computrace a da, wanda ke ba tsohon kamfanin ikon bibiya da kulle ta daga nesa. Akwai Autopilot: za ka sa sabuwar Windows lafiya ƙalau, kana haɗa ta da intanet sai ta fito da sunan wani kamfani ko wata makaranta a Amurka tana neman ma'aikacinsu ya shiga. Sake sa Windows ba ya maganinsa, domin shaidar kwamfutar ce ke rajista a wajen Microsoft, sai wancan kamfanin ko makarantar sun cire. Ga masu MacBook kuma akwai makullin iCloud da na MDM, wato na kamfanin da ke sarrafa ta daga nesa. Ka tambaye shi a fili ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ka nemi hoton shafin BIOS a buɗe. In ya yi ta kewaye-kewaye, ka wuce, masu sayarwa ba su ƙare ba.

Ka kuma nemi rahoton batir. A Windows ana buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, sai ya fito da lambobi biyu, ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da ƙarfin da yake ɗauka yanzu. In na farko 50,000 ne na biyu 41,000, saura kashi 82 ke nan, ba laifi. In ya yi ƙasa da kashi 70, ka sa kuɗin sabon batir a lissafi.

Biya

Bankuna da dama sun rufe sayayyar waje da katin naira tun 2022, wasu suka sake buɗewa a 2025 da iyaka. Ka tambayi bankinka iyakar katinka da farashin da suke lissafa dala, domin ba lallai ya zo ɗaya da na 'yan canji ba. Asusun dala mai katinsa ya fi kwanciyar hankali. Katunan dala na manhajojin waya suna aiki, amma ka zuba fiye da kuɗin kayan da kamar dala 10, saboda in kuɗi ya gaza wasu suna cirar tara. Adireshin da ka rubuta na katin ya zama daidai da wanda banki ya sani, in ba haka ba a ƙi karɓa, ko a soke cinikin bayan kwana biyu. Duk mai sayarwar da ya ce ku fita daga eBay ka tura masa kai tsaye zai rage maka, ɓarawo ne.

Mai ɗauko kaya

Yawancin masu sayarwa ba sa aikowa Najeriya, don haka sai ka yi rajista da kamfanin jigila mai sito a can. Za su ba ka adireshi da wata lamba taka ta kanka. Ka sa lambar a jikin sunanka wajen sayayya, domin kwalin da ya isa sito babu ita sai ya kwanta ba a san mai shi ba.

Inda siton yake yana taɓa aljihunka. A Amurka harajin sayayya yana bin adireshin da aka kai kaya. Houston, inda masu jigila zuwa Najeriya suka yi yawa, kashi 8.25 ne, Maryland kashi 6, jihohin Delaware da Oregon ba sa karɓa sam. A kan kwamfutar dala 250, Houston za ta ci kusan dala 21.

Abin da za ka tambayi kamfanin kafin ka ba su kayanka: suna ɗaukar kaya mai batir? A kan nauyi suke cajin laftof ko suna da kuɗinta na daban a kan kowace ɗaya, kamar yadda da yawansu ke yi? Kuɗin ya haɗa da kwastam ko sai ta sauka za a kira ka? A Legas suke tsayawa ko suna da ofis a Kano? In ta ɓace me suke biya? Amsar ta zo a rubuce.

Dubawa a sito

Nan ne wurin da bai kamata a yi rowa ba. Kariyar eBay ta kwana 30 ce daga ranar da kaya ya isa adireshin da ka bayar, wato siton, ba Katsina ba, kuma a ƙa'idarsu kariyar ba ta bin kayan da aka sake turawa wani wuri. Ma'ana, damarka ta mayarwa tana nan ne muddin kwamfutar tana sito. Ka biya 'yan daloli a buɗe kwalin a ɗauko maka hoto da bidiyo: murfi da ƙasa, kusurwoyi huɗu, lambar siriyal, allo a kunne kan farin shafi don ganin tabo ko layi, shafin BIOS, da caja a jone tana nuna tana caji. Ka gwada lambar da wadda mai sayarwa ya ba ka. Ka sa a ɗora ta a kan tebur a gani ko tana zama daram. In tana rawa, ko wurin linzami ya taso, batir ya kumbura, kuma irin wannan ba a yarda ya hau jirgi. In ɗan'uwa gare ka a can, ya fi, a kai gidansa ya haɗa ta da intanet ya yi mata sabuwar Windows, Autopilot in akwai zai fito.

Nauyi, kwali da batir

Jirgi ba nauyi kaɗai yake caji ba, har da wurin da kwali ya ci. Ana ninka tsawo da faɗi da kauri a santimita a raba da 5000, wasu da 6000, sai a caje ka a kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Laftof mai inci 14 da cajarta ba ta cika wuce kilo 2.5 ba, amma kwali mai 45 da 35 da 12 zai ba da 18,900, a raba da 5000 ya zama kilo 3.78. Masu sito a Amurka da laba suke lissafi, kilo ɗaya laba 2.2. Za ka iya sa a sauya mata ƙaramin kwali, amma kada a rage kariya: a kashe ta gaba ɗaya, a sa siririn soso tsakanin madannai da allo, a naɗe ta da ledar nan mai ƙurajen iska, kusurwoyi su fi samun kauri, caja kuma a gefe, ba a kan murfi ba. Cajar da aka ɗora a kan murfi ita ke fasa allo in an danne kwalin.

Batirin da ke cikin kwamfuta ana ɗaukarsa a jirgi ƙarƙashin lamba UN3481, muddin bai wuce 100Wh ba, na laftof kuwa galibi tsakanin 40 ne da 60. Batir shi kaɗai ba kwamfuta dokarsa ta fi tsanani, ba a sa shi cikin kayan jirgin fasinja, masu jigila da yawa ba sa ma karɓa. Kada ka sayi ƙarin batir ka cusa a kwalin, zai iya tsayar da kayan gaba ɗaya.

Ka faɗi ainihin kuɗin da ka saya, ka haɗa da rasit. Masu rage daraja don gudun kwastam suna manta cewa inshora abin da ka rubuta take biya.

In wani ne zai riƙo maka, ɗalibi mai dawowa hutu ko mai dawowa daga Umara, ya sa ta a jakar hannu, kada ta shiga akwatin da ake aunawa. Ka tura masa rasit a waya, kuma kada ka ɗora masa uku ko huɗu a kwalayensu, a filin jirgi za a ɗauke su kayan sayarwa.

Lissafi da kwastam

Laftof tana ƙarƙashin lambar kwastam 8471.30, kuma ana lissafa abin da za a biya a kan kuɗin kaya haɗe da na jigila da inshora, ba kuɗin kaya kaɗai ba. VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun 2020. A watan Satumban 2025 Hukumar Kwastam ta fara yafe kuɗin fito ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara, don haka ka tambayi mai jigilarka yadda yake amfani da wannan. DHL, FedEx da UPS sun fi sauri da sauƙin bibiya, amma sun fi tsada, kuma sukan turo takardar kwastam da kuɗin hidimarsu bayan kaya ya sauka. Masu haɗa kayan jama'a su yi kiliya gaba ɗaya sun fi araha, sai dai jira.

A ce kwamfutar dala 250 ce. Haraji 21, dubawa a sito 10, jigila da kiliya 60, inshora 8, kuɗin kati 5: ta kai 354 tun ba ta bar filin jirgi ba. Ka juya zuwa naira a farashin da bankinka zai cire, ka ƙara kuɗin kawowa daga Legas ko Kano, da na sabon batir in rahoton ya nuna haka. Wannan adadin za ka ajiye kusa da farashin Beirut Road.

Mai shirin sari da yawa kuwa hanyarsa daban ce: takardar shigo da kaya ta Form M ta banki, da takardar ƙiyasin kwastam ta PAAR, da rajistar hukumar kare muhalli ta NESREA ga masu shigo da tsofaffin kayan lantarki, kuma matattu an hana shigo da su.

Daga Kano zuwa gida

In za ka iya, ka zaɓi mai jigilar da ke kai kaya Kano, ka je ka karɓa da kanka. Kano zuwa Katsina kimanin kilomita 170 ne, mutumin Daura kuma ya bi ta Kazaure, duk tafiyar yini ɗaya ce zuwa da dawowa. Ka buɗe kwalin a gabansu kana ɗaukar bidiyo kafin ka sa hannu. Ka riƙe rasit da takardar jigila a jikinka, domin jihar tana bakin iyaka, ta Jibiya da ta Kongolam, shingen kwastam ba ya wuya a hanyoyinta.

In dole sai an ba direba a tasha, a bi ta ofishin ƙungiya a rubuta, ka karɓi lambar mota da ta direba, a ce masa abin fashewa ne ya ajiye a gaba. But ɗin mota a watan Afrilu, ƙarƙashin buhuna, ba wurin batir ba ne. In ta iso da zafi a jikinta, ka bar ta ta huce kafin ka kunna.

Makon farko

Cajar laftof tana ɗaukar wuta daga 100 zuwa 240V, ka duba a jikinta za ka gani, don haka ta Amurka za ta yi aiki da wutarmu ba tare da taransifoma ba. Wayar da ke shiga bango kawai za ka sauya da mai ƙafa uku, ya fi amfani da adafta mai sako-sako da ke tartsatsi. In ta zo ba caja, ka nemi ta asali mai 65W. Dell musamman tana gane cajarta ta siririn tsinken da ke tsakiyar bakin. In ta bogi ce sai ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu, mutum ya yi ta zargin kwamfutar.

Ka goge komai ka sa sabuwar Windows daga filashi, ka haɗa da intanet tun a wajen saitin farko. Lasisin Windows ɗin yana cikin allon ciki, da kanta za ta kunna shi. Ka duba lafiyar SSD da manhajar CrystalDiskInfo, ka gwada kowane madanni, da kyamara, da lasifika, da kowace kafar USB. Ka cika batir ka cire caja ka ga awa nawa zai yi. Sannan ka kai wa mai gyara ya buɗe ƙasa, ya share fanka, ya sauya man da ke kan injin, domin wanda ya shekara biyar ya bushe, kuma zafin bazara a nan kan haura digiri 40. A lokacin hunturu a riƙa hure fankar duk bayan wata biyu ko uku saboda ƙura. Kada ka bar ta a jone lokacin da KEDCO ke dawo da wuta ko ana tayar da janareta. Ka jira wutar ta daidaita, ko ka sa soket mai kariya tsakaninta da bango.